Yadda Na Kyautar da Likkafanin Inna

Laifina ne, ba na kowa ba. Na kyautar da likkafanin mahaifiyata tana raye, tana cin tuwonta, tana iya tsawata wa akuya daga ƙuryar gida a jiyo ta a zaure. Na daɗe ina rarraba laifin nan kamar naman suna: na ba maiɗakina kashi, na ba wayar hannu kashi, har zafin Sakkwato sai da na yanka masa nasa. Yau dai na tattaro abina.

Sana'ata sayar da yadi ce a kasuwa, kuma a riƙe wannan, don nan ne gishirin abin kunyar yake. Karatuna bai wuce na allo da 'yan azuzuwan firamare ba, amma in ana maganar yadi bakina ba ya rufuwa. Nakan ce ko an ɗaure mini ido, in na murza ƙyalle da yatsa biyu zan faɗi asalinsa da darajarsa. A kasuwa Alhaji ake ce mini, alhali iyakar tafiyata Illela ce.

Gidanmu na gado yana Ƙofar Rini. Tun da Baba ya rasu, ni da iyalina muke sashen gaba, Inna tana can ciki da ɗakinta da rumfarta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta gaya wa maiɗakina ina tsaye a wurin. In maiɗakina ba ta kusa, ta gaya wa bango. "A gaya wa mai gidan ga rufin ya fara yoyo." Bango ba ya amsawa, ni nake amsawa. Haka muka rayu shekara da shekaru, lafiya lau.

Ɗakin Inna kuwa, in ka shiga sai ka yi tafiyar kaguwa. Kwanukan jere tun na aurenta suna nan sun kai rufi, fenti ya ɓare a bakinsu. Akwai rediyo uku, babu mai magana a cikinsu. Akwai fanka marar fiffike, da fitilar ƙwai marar ƙwai, da dutsen guga na gawayi, da turmin da ya tsage aka kife shi ya zama kujera. Gwangwanayen madara kuwa, kowanne da abin da aka rufe a cikinsa: wannan maɓallai, wancan kanwa, wancan kuma wani ƙaramin gwangwanin. Akwai robobin biki masu hoton ango da amarya, wasu auren ya mutu tuntuni, an sake wani, robar tana nan suna ta murmushi. Ledoji ma wanke su take yi, ta shanya, ta ninke, ta cusa a ƙarƙashin katifa, har katifar ta yi tudu a gefe guda.

Ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai da na sayi babbar waya. A ciki na riƙa ganin wasu mata na wata ƙasa suna gyaran gidaje, ɗaki fari fes, kujera ɗaya, tukunyar fure ɗaya. Ba na jin yarensu, amma wani maƙwabcin rumfata ya fassara mini dokarsu guda: duk abin da ka shekara biyu ba ka yi amfani da shi ba, ba ka buƙatarsa, fitar da shi. Dokar nan ta shige ni fiye da wa'azin da na shekara arba'in ina ji. Na riƙa maimaita ta a majalisa kamar ni na ƙirƙiro ta. Na ce matsalarmu mu Hausawa tara komatsai ce, shi ya sa ba ma ci gaba. Mutumin da yake wannan jawabi yana da bandir-bandir na yadin da aka daina yayi jibge a bayan rumfarsa, amma wannan jari ne, ba komatsai ba.

Ana cikin bazara autarmu ta haihu a Gidan Igwai, Inna ta tafi zaman jego. Ta ja ƙofarta, ta ba maiɗakina mabuɗi don a riƙa ba kajinta dawa daga buhun da ke ciki. Napep ɗin da ta ɗauke ta ba ta sha kwana ba na karɓe mabuɗin.

Maiɗakina ta ce in bari Inna ta dawo a yi da ita. Na ce in Inna tana nan ko leda ɗaya ba za ta fita ba. Ta ce ai shi ya sa. Na ce mata ita ma irinsu ce, nan da shekara talatin sai an haƙa kafin a same ta a ɗaki. Ta ce to, ta ɗauki tsintsiyarta ta koma sashenmu, ta ce ita dai ba ta gani ba, ba ta ji ba.

Ranar wata Lahadi ban fita kasuwa ba. Na tuɓe riga, na yi kashi uku a tsakar gida kamar yadda na gani a waya: na ajiyewa, na kyauta, na 'yan gwangwan. Kafin azahar mai gwangwan ya cika kurarsa sau biyu yana yi mini addu'a, ni kuma ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

A ƙarƙashin gado na jawo akwatin ƙarfe, kore, da ɗan kwaɗo a jiki. Mabuɗinsa ba ya cikin wanda aka bari. Mai hankali zai gane abin da hakan ke nufi. Ni guduma na ɗauko.

A ciki akwai zannuwan saƙi biyu, da hular Baba, da tasbaharsa, da tsohuwar jakar alhazai ta shekarar da suka sauke farali tare. A can ƙasa kuma wani farin yadi ne mai yawa, a ninke cikin leda, yana warin kafur, ninkin ya yi ja-ja. Na zaro shi, na murza da yatsun nan biyu da nake alfahari da su, na yanke hukunci: alawayyo ne, mai arha, ya ma tsufa. Na duba bakinsa na ga yanka a karkace, kamar da haƙori aka yi shi, har na yi tsaki na ce wane ne wannan da bai iya riƙe almakashi ba. Sai na yi masa tambayar waya: yaushe rabon da a yi amfani da kai? Ba a taɓa ba. Na jefa shi kashin kyauta. Zannuwa da hula da tasbaha na mayar akwati, don ni ɗa ne mai tausayi.

Da la'asar sai ga Maman Tagwaye. Kirista ce, mutuniyar kudancin Kaduna, mijinta kafinta. Sun yi shekaru suna haya a ɗakunan ƙofar gidanmu, Inna ce ma ta yi mata wankan jego da ta haifi tagwayen. Yanzu suna Kwalkwalawa, tana awara tana sayar wa ɗaliban jami'a, amma ba ta wata biyu ba ta zo gaida Inna ba. Ta tarar da tsakar gida kamar an yi gobara an kashe. Ta tsaya riƙe da ledar lemun da ta kawo, ta tambaye ni ko Inna ta san da wannan aiki. Na ce ita ce ma ta sa ni. Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Na shiga loda mata kaya don a san ni mai kyauta ne: robobi, langa biyu, da farin yadin nan. Ta ce yadin ya yi yawa. Na ce ta tafi da shi, ba ta rasa abin tace waken suya. Da bakina na faɗa. Ta yi godiya har da durƙusawa, ta hau kabu-kabu ta tafi.

Na sa aka yi wa ɗakin farin fenti, na shimfiɗa sabuwar leda, na sayo kanta ta roba na jera kwanuka shida a kai. In ka yi tari a ciki sai ɗakin ya amsa maka. Na ɗauki hoto na nuna a majalisa, aka ce Alhaji ya waye.

Inna ta dawo bayan kwana ashirin da wani abu. Ta tsaya a bakin ƙofarta, ta yi sallama kamar baƙuwa, ta jira a amsa. Sannan ta juya wajen maiɗakina.

"Ɗiyata, asibiti anka kawo ni? Mi ka damuna?"

Na yi dariya ni kaɗai. Na shiga bayani, na kawo dokar shekara biyu, na kawo ci gaba, na kawo ɓeraye. Ba ta tambayi kwanuka ba, ba ta tambayi rediyo ba. Ta durƙusa a hankali, don gwiwa tana damunta, ta jawo akwatin. Ta ga kwaɗon a karye, ta dube shi, ta ɗaga murfin. Ta fitar da zannuwa, ta fitar da hula, ta kai hannu ƙasa ta shafa ƙarfe. Ta sake shafawa. Sai ta zauna a kan sabuwar ledata.

Ta ce wa maiɗakina a tambayi mai gidan ga, farin ƙyallen da ke ƙasa, ina ya kai shi. Na ce ai wannan alawayyo ne na banza, gobe zan kawo mata shadda mai kyau in farin yadi take so.

Ta dubi bangon da na yi wa fenti, ta gaya masa.

"Likkafanina na. Rabin na ubanshi."

Sauran bayanin maiɗakina ta yi wa, ni ina tsaye kamar turken akuya. Shekarar da suka je aikin hajji, Baba ya sayi yadin a can, suka jiƙa shi da ruwan zamzam su biyu, suka shanya a saman masaukinsu tana riƙe da baki ɗaya yana riƙe da ɗaya don kada iska ta ɗauke. Da suka dawo gida ya raba shi biyu da reza. Baba ɗan hatsi ne, mudu ya sani, bai san yanka ba, shi ya sa bakin ya karkace. Ta yi masa tsiya a kan haka, ya ce ta bari, in an haɗa bakin biyu ai za su dace. Da rabinsa aka rufe shi.

Kuma na sani. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ranar da Baba ya rasu na aika a ɗauko yadi mafi tsada a rumfata, sai Inna ta aiko da nata daga ɗaki, ta ce da wannan za a yi. Har na ji haushi a lokacin, na ce a raina za a ce ɗan mai yadi ya rufe ubansa da alawayyo. Ban tambayi daga ina ya fito ba, ban tambayi ko da saura ba. Ina can waje ina karɓar gaisuwa ina lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba.

A nan ya kamata in faɗi ƙasa in nemi gafara. Maimakon haka na ce kashin kyauta ai maiɗakina ce ta tsara shi. Ƙarya ta biyu ke nan. Maiɗakina ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ake yi wa nama ana tunanin ko ya lalace. Da na ga kallon ya yi yawa sai na ƙara ta uku: na ce na tuna, yana rumfata na ajiye, zan kawo.

Kwalkwalawa ba nisa gare ta ba. Abin da ya hana ni zuwa girman kai ne. Yaya Alhaji guda zai je gaban mai awara ya ce a dawo masa da kyauta, ya kuma faɗi dalili? Sai na yi abin da na iya. Na yanko alawayyo daidai tsawon wancan daga rumfata. Na jiƙa shi a ruwan shayi marar ƙarfi don ya yi ja-ja, na shanya a bayan rumfa. Na roƙi ɗan zamzam a ƙaramar kwalba wajen wani maƙwabci, wanda shi alhajin gaske ne, na yayyafa kamar mai ba shuka ruwa a lokacin fari. Na daka kafur na barbaɗa, na ninke, na zauna a kai yini guda don ninkin ya kwanta. Ban taɓa yi wa wani aiki hidima irin wadda na yi wa wannan algus ba.

Na kawo na ajiye a gabanta. Ta buɗe leda, ta bi bakin yadin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Yanka miƙe sar, irin na wanda ya shekara ashirin da almakashi. Hannuna ne ya tona mini asiri, don ko da gangan ban iya yanka a karkace ba, ban ma tuna ba. Ta kai yadin hanci ta shinshina.

"Wanga shayi yash sha," in ji ta. Ta tura shi gefe da bayan hannu. "A gaya mishi kabari ba kasuwa ba na. Ba a kai mishi jabu."

Daga ranar saƙo ya yanke. Ba ta gaya wa maiɗakina a gaya mini komai, ba ta gaya wa bango. In na shiga gaishe ta sai ta amsa wa iska a taƙaice, ta ci gaba da jan tasbahar Baba. Ashe maganar da ake yi wa bango ma gata ce, sai da aka daina na sani. Maiɗakina kuma tana ba ni abinci a kan lokaci, da ladabi mai yawa, irin ladabin da ya fi zagi ciwo.

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kama Inna. Ba wani babba ba ne, amma tsoho ba shi da ƙaramin ciwo. Da hantsi ina bakin rumfarta da ledar magani a hannu, na ji tana yi wa maiɗakina wasiyya a hankali, kamar mai faɗin cefane. Ta ce in ta cika, a ɗauki tsofaffin zannuwanta a wanke a rufe ta da su, kada a karɓi ko taƙi ɗaya daga rumfar mai gidan ga. Ta ce ta so ta tafi da irin tufar da malam, wato Baba, ya tafi da ita, amma Allah bai nufa ba.

Na ajiye maganin a bakin ƙofa, na hau mashin.

Na sami Maman Tagwaye a bayan gidanta tana tata. Ta ɗaure farin ƙyalle a bakin babbar roba, tana zuba niƙaƙƙen waken suya tana matsewa. Ƙyallen ya yi ruwan ƙasa, dusa ta manne masa. Daga nesa na hango bakinsa a karkace. Ta tare ni da murna, ta jawo mini kujera, ta ce ƙyallen nan da na ba ta ba ta taɓa samun mai kyau irinsa ba, awararta har laushi ta ƙara, ɗalibai layi suke yi. Na zauna ina jin yabon yana sauka a kaina kamar bulala.

Na faɗa mata. Ban iya kwana-kwana ba a wannan karon, don babu sauran ƙaryar da ta rage mini.

Ta saki ƙyallen. Ta dubi hannuwanta, ta dubi robar, ta dubi tiren awarar da ta riga ta soya.

"Alhaji, sati uku ina ciyar da 'ya'yan mutane da wannan."

Na ce ba a taɓa sa shi a jikin kowa ba, sabo ne. Ta ce ta sani, ba wannan ne ya dame ta ba.

"Na tambaye ka ko Inna ta sani. A tsakar gidanku na tambaye ka. Ka ce ita ta sa ka."

Na ce haka ne.

"Matar da ta yi mini wanka da hannunta. Ka sa na yanka kayan tafiyarta na tace wake."

Ta shiga ɗaki ta fito da sauran, a ninke cikin ledarsa. Kamu biyu kawai ta yanka, kuma ta wajen karkataccen bakin ta yanka, don ta ga can ne ya riga ya lalace. Ta kwance na bakin robar, ta juye ruwan waken ranar gaba ɗaya a kwatami, ta ɗebo ruwa mai kyau ta shiga wanki. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake wankewa, ban ƙirga sau nawa ba. Ni ina zaune a rana, ba ta ce in matsa inuwa ba. Na sa hannu a aljihu don asarar da ta yi, ta ce in na fito da hannun nan da wani abu a ciki za ta tara mini unguwa. Ta ce gobe za ta zo duba Inna da ƙafarta, amma kaya ni zan kai, kada in kuskura in jira ta in ɓuya a bayanta. Da zan tafi ta ƙara da cewa in labarin nan ya shiga jami'a, ni zan riƙa cinye awararta kullum.

Na iso gida bayan la'asar. Zazzaɓin ya ɗan sauka, Inna tana zaune a kan gado ta jingina da farin bangona, maiɗakina tana ba ta kunu. Maiɗakina ta tashi za ta fita, na ce ta zauna, da ita a cikin maganar. Na tuɓe takalmi da hula, na durƙusa, na ajiye babban yadin, na ɗora ƙaramin a kai, da sauran danshinsa da tabon da ya ƙi fita.

Inna ta ɗauki ƙaramin. Ta bi bakinsa da yatsa, ta hau inda rezar Baba ta hau, ta gangara inda ta gangara. Ta daɗe a kai. Sannan ta shinshina, ta tambayi maiɗakina warin mene ne wannan. Ni na amsa, na ce waken suya ne, na faɗi inda ya je da aikin da ya yi.

Ta ɗora ƙyallen a cinyarta. Sai ta dubi bango.

"To. Ya riga ni yin sadaka." Ta juya ga maiɗakina ta ce a nemo mata allura da farin zare, in mai gwangwan ya bar mata.

Ban jira a gaya mini ta bakin kowa ba, ban kuma bi ta bango ba. Na matsa har gwiwata ta taɓa ƙafar gadon, na ce:

"Inna, ni na karya kwaɗon, da guduma. Ni na fitar da shi, ni na bayar, ɗiyarki ba ta taɓa ko leda ɗaya ba, ƙarya na yi mata a gabanki. Ta hana ni, na ƙi ji. Na yi wa Maman Tagwaye ƙarya da sunanki. Na jiƙa yadi a shayi na kawo miki don in rufe bakinki. Na ga na Baba da idona ranar da aka rufe shi, ban tambaya ba, don ina ganin na fi ku sanin yadi. Ban san komai ba, Inna. Ɗakinki ne, kayanki ne, ban da hurumin taɓa ko gwangwani. Abin da mai gwangwan ya tafi da shi ba zan iya dawo da shi ba, tabon nan ma ba zan iya fitar da shi ba. Ki yafe mini don Allah. Ke ma, uwar 'ya'yana, ki yafe mini."